DAGA GABAN ALLO: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Waɗanda suka koma gidajensu muna yi masu barka da dawowa, waɗanda kuma har yanzu suke zaman haƙuri a garin wasu, Allah Ya maido su lafiya, amin.

A wannan wata za mu taɓo wani abu ne da wataƙila wani zai ce bai kai a ɓata takarda a kansa ba, wato tocila, wadda a nan muka fi kira battariya kamar yadda maƙwabtanmu suke faɗa da Larabci. To amma duk wanda ya taɓa farkawa da tsakar dare saboda ihun ɗansa, ya yi ta lalube cikin duhu bai san abin da ya taɓa yaron ba, ya san wannan magana ba ta wasa ba ce.

Abin da ya jawo ta kuwa shi ne, ran nan muna kiran suna a aji sai wata yarinya ba ta amsa ba, alhali ba ta saba fashi ba. 'Yan uwanta suka ce kunama ce ta harbe ta da dare, an kai ta asibiti. Da aka tashi makaranta muka bi ta gidansu don mu yi jaje. Muka tarar da mahaifinta zaune a rakuba ya yi tagumi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ustaz, abin da ya fi damuna shi ne na duba. Da hannuna na haska ƙarƙashin gadon nan kafin su kwanta, ban ga komai ba."

Muka ce ya ɗauko tocilar mu gani. Sai ga wata zungureriya mai nauyi, sabuwa ful, ya ce da ya saye ta mai kanti ya haska masa ita a kan wata bishiyar nim da ke can ƙetaren hanya, har ganye yana iya ƙirgawa. Muka shiga ɗakin, muka rufe ƙofa da taga, muka durƙusa muka haska ƙarƙashin angarib ɗin. Me za mu gani? Wani ɗan da'irar haske fari fat, bai fi bakin kofin shayi ba, mai kashe ido, kewaye da shi kuwa duhu ne kamar ba a kunna komai ba. Kunamar nan tana iya kasancewa ɗani ɗaya kacal daga hasken, a maƙale cikin saƙar igiyar gadon, shi kuwa bawan Allah ya tashi da yaƙinin ya duba. Alhamdu lillahi yarinya ta warke, ta dawo aji bayan kwana uku. Amma mun fito daga gidan nan da tunanin gida nawa ne a Makwar da Maiwurno da sauran ƙauyukanmu na bakin bahar ake kwana da irin wannan yaƙini.

Mu da muke zaune a gindin madatsar Makwar, wadda aka gama gininta a 1925 domin ba gonakin Jazira ruwa, aka kuma sa mata injinan wutar lantarki a 1962, ga kuma madatsar Rusairis ta 1966 can sama da mu, da sai a ce mu ne muka fi kowa wadatar haske. Amma kowa ya san yadda abin yake, muna bakin kogi muna taimama. Tun da ma wutar ba tabbas gare ta ba, balle daga watan Afrilu na 2023 da yaƙi ya ɓarke, ya shiga Wad Madani a Disamba na shekarar, ya shiga Sinja a Yuni na 2024. Saboda haka tocila a gidajenmu ba kayan ƙawa ba ce, tana sahun randa da tukunya ne. Abin da ake dogara da shi haka kuwa, ya kamata a san yadda ake zaɓensa.

Kuskuren da mafi yawanmu muke yi a kasuwa shi ne, muna auna tocila da nisan da take kaiwa. Mai kanti ya ce, "Ya Hajj, wannan har ƙetaren bahar take kaiwa," sai mu ciro kuɗi. Ba mu tsaya mun tambayi kanmu ba, sau nawa a shekara muke bukatar ganin ƙetaren bahar? Aikin da muke sa tocila kullum dare shi ne duba ƙarƙashin gado, da bayan zir, da cikin takalmi, da lungun sito, da akwatin tufafi, da akurkin kaji, da bakin masai kafin yaro ya tsuguna. Duk waɗannan ba wanda ya wuce taku biyu ko uku daga inda muke tsaye. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, in ji magabata.

Bari mu ɗan shiga aji. Tocila biyu suna iya fitar da haske daidai wa daida, amma ɗaya ta tattara shi wuri guda, ɗaya ta baza shi. Kamar ruwan buta ne, in ka tsiyaya ta bakin buta zai tafi siriri ya yi nisa, in ka watsa da hannu zai jiƙa fili mai faɗi a kusa. Masu ƙera tocila suna auna wannan da digiri na kusurwa. Mun yi lissafin da 'yan aji a kan allo. Idan ka tsaya mita 1 daga bango, tocila mai kusurwa digiri 10 za ta haska da'ira mai faɗin santimita 17 ko 18 ne kawai, wato bai kai ɗani guda na babban mutum ba. Mai digiri 60 za ta haska mita 1 da santimita 15. Mai digiri 90 kuwa za ta haska mita 2 cur, kusan tsawon angarib gaba ɗayansa ke nan a kallo ɗaya. Da ta farkon sai ka yi ta yawo da hannu sau goma ko fiye kafin ka gama tsawon gado guda, kuma tsakanin wannan haskawa da waccan akwai wuraren da za ka tsallake ba ka sani ba.

Akwai kuma wani sharri na biyu, wanda yake cikin idonmu ne. Allah Ya halicci ƙwayar ido tana buɗewa cikin duhu, tana tsukewa cikin haske. Idan ka haska ɗigo mai tsananin ƙarfi a kan bango na kusa, hasken zai dawo maka a fuska, ƙwayar ido ta tsuke, sai gefen da babu haske ya ƙara yi maka duhu fiye da yadda yake kafin ka kunna. Ido kuwa in ya sha haske irin wannan, yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya koma sabawa da duhu sosai. Ashe ke nan a cikin ƙaramin ɗaki yawan ƙarfi ba taimako ba ne, makanta ce. Abin da ake so shi ne haske mai laushi, shimfiɗaɗɗe, wanda tsakiyarsa da gefensa ba su da bambanci da yawa.

To yaya za mu gane irin wannan tocila a kasuwar Sinnar ko ta Sinja ko ta Damazin? Ga abin da muke ba da shawara.

Na farko, kada ka yarda a gwada maka a kan bishiya ko saman gini. Ka ce da mai kanti ya ba ka, ka haska ƙarƙashin teburinsa ko cikin buhu ko kwali, daga nisan kamu biyu. Idan ka ga ɗigo fari a tsakiya da duhu a gefe, ka ajiye masa abarsa. Idan ka ga hasken ya cika wurin kamar an buɗe taga, ita ce taka. Gani ya kori ji.

Na biyu, ka dubi fuskarta. Mai babban kai da kasko mai zurfi, mai santsi kamar madubi, an yi ta ne don nisa. Mai ƙaramin kai da kasko marar zurfi, ko wanda jikinsa yake da ƙurarraji kamar ɓawon lemo, ko mai gilashi dishi-dishi, ita ce mai baza haske. Akwai kuma masu ƙwai shimfiɗaɗɗe mai ruwan ɗorawa a gefen jikinsu, irin wanda makanikai suke amfani da shi, waɗannan sun fi duka faɗi. Wasu suna da ƙwai biyu, na nisa a goshi, na faɗi a gefe, wanda ya samu irin wannan ya huta. Masu kan da ake ja gaba da baya su ma suna bazawa in an janyo kan, sai dai ta wannan mahaɗa ƙura da ruwa sukan sami hanyar shiga, mu kuwa mun san ƙurar habub da ruwan kharif.

Na uku, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Yawan haske ana auna shi da abin da ake kira lumen. Kyandir ɗaya yana ba da kimanin lumen 12, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 kuwa kimanin 800, kuma shi yake haska ɗaki guda. Don duba lungu, lumen 50 zuwa 150 ya isa har ya yi yawa. Saboda haka idan ka ga 'yar tocila kamar yatsa an rubuta mata dubban dubbai, ka san ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da ya fi lamba amfani shi ne ta kasance tana da mataki na ƙasa, mai ɗan haske kaɗan, wanda uwa za ta duba jariri da shi ba ta tashi kowa ba, kuma batir ya daɗe. Ka kuma gwada makunnin. Wadda sai ka danna sau huɗu ta bi ta walƙiya kafin ta mutu, za ta ba ka haushi ranar da kake gaggawa.

Na huɗu, launin hasken. Akwai fari mai ratsin shuɗi, akwai fari mai kama da hasken hantsi. Na farkon yakan fi burge ido a kanti, amma yana wanke launin abubuwa, sai kunama mai ruwan ɗorawa ta saje da tabarma ko bangon ƙasa. Na biyun ya fi fito da launi yadda yake.

Na biyar, batir. Mu da muka tashi da tsohuwar battariya ta ƙarfe mai cin manyan duwatsu biyu, irin su Abu Kadis mai hoton kyanwa, mun tuna yadda haskenta yake ja in dare ya yi nisa. Ƙwan zamani da ake kira led ya canza wannan. Asalinsa daga binciken wasu masana uku ne 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka samar da shuɗin led a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Shi ya sa yau ɗan ƙaramin dutse guda yake aikin da manya biyu ba su yi ba. Zaɓi biyu ne gabanka. Mai cin ƙaramin dutse na AA ko AAA, wanda ake samu a kowane kanti, ita ta fi dacewa da ƙauyen da caji yake da wuya. Sai dai in za ka ajiye ta da daɗewa ka cire dutsen, domin zafin ƙasarmu yana sa ya yi yoyo ya cinye cikinta. Mai caji kuwa ta fi sauƙin kuɗi in tafiya ta yi nisa, ga wanda yake da faifan sola ko yake kusa da mai caji. Galibinsu suna ɗauke da batirin litiyam da ake kira 18650. Na ƙwarai ƙarfinsa bai cika wuce 3500 ba a ma'aunin da ake rubutawa jikinsa, wanda ka ga an rubuta masa 9900 ka san an yi maka kwalliya ne. Kada a bar shi a rana, kada a yi cajinsa a kan katifa, idan ya kumbura a rabu da shi. Araha ba ta ado.

Na shida, girmanta. Tocilar da ta fi kowace amfani ita ce wadda take tare da kai lokacin da bukata ta taso. Wadda ba ta shiga aljihun jallabiya, a kan taga za ta kwana, ranar da za ka neme ta kuwa sai ka taka duhu kafin ka kai gare ta. A nemi wadda ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, mai maƙali ko igiya, wadda ba ta gangarawa in an ajiye ta. In tana iya tsayawa a kan gindinta, sai a kafa ta tana kallon rufi, ta haska ɗaki duka. Ungozoma da mai gyaran injin ban-ruwa kuwa, ta ɗaurawa a goshi ta fi masu, domin hannu biyu suke bukata.

Wani zai ce, ai ga fitilar waya. Gaskiya ne, haskenta mai faɗi ne, kuma ta fi waccan zungureriyar amfani a ƙarƙashin gado. Amma wayar nan da ita ake kiran mai mota in ciwo ya tashi da dare, da ita ake karɓar abin da ɗan uwa ya turo ta Bankak. Ba dabara ba ce a ƙarar da cajinta wajen neman takalmi, balle ta suɓuce ta faɗa zir.

Wanda kuma ya riga ya sayi mai nisa, kada ya yar. Tana da ranarta. Mai gadi yana bukatarta, masunci yana bukatarta, haka wanda yake bin ruwa da dare a hawasha yana duba bakin Abu Ishirin. In zai shiga ɗaki da ita, ya sami farar leda ko siririyar farar takarda ya rufe fuskarta ya ɗaure da roba, nan take hasken zai bazu. Sai dai ya riƙa taɓawa, in kan ya yi zafi ya kashe. Mun nuna wa mahaifin yarinyar nan wannan dabara, da ya sake durƙusawa ya ga ƙafafun gadon huɗu a lokaci guda, sai ya ce, "Ustaz, ashe duk kwanakin nan ba dubawa nake yi ba, haskawa kawai nake yi."

Tocila mai kyau ma sai da iya riƙo. Idan ana neman abu a ƙasa, a sauke ta kusa da daɓe a haska a kwance, domin ƙaramin abu ya yi doguwar inuwa. Kunamar da ta saje da ƙasa, inuwarta ce take tona ta. Tsarin da muke koya wa yara kuwa kalma uku ne: ido, sanda, hannu. A fara gani, sannan a taɓa da sanda, hannu shi ne na ƙarshe. A kakkaɓe markub da safe kafin a sa ƙafa, a janye gado daga jikin bango, kada a bar gidan sauro ko mayafi yana jan ƙasa. A ƙara kula da farkon kharif. Ƙasarmu ta laka tana tsagewa da rani, kunama da maciji su fake a ciki, ruwan farko yana cika tsagar sai su nemi tudu, tudun kuwa ɗakunanmu ne. Ga wanda yake da hali, akwai 'yar fitila mai haske shunayya, irin wadda 'yan canji suke duba takardar kuɗi da ita. Jikin kunama yana ƙyalli kore-kore a ƙarƙashinta cikin duhu. Amma a sani ba ta nuna maciji, kuma ba a haska ta a ido.

Wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan uwanmu da suke komawa gidajen da suka bari a rufe wata da watanni. Ɗakin da babu mutum, wasu ne suke tarewa a cikinsa. A buɗe da rana, a bar iska ta shiga, a tsaya daga bakin ƙofa a haska ko'ina kafin a jefa ƙafa. Kada a kunna ashana ko aci-balbal don leƙa lungu, musamman a guttiya mai rufin ciyawa ko inda aka taɓa ajiye fetur. Matmura ko rijiyar da ta daɗe a rufe, iskar cikinta tana iya kashe mutum, tocila kuwa ba za ta gaya maka ba, don haka a bar ta a buɗe ta sha iska sosai, kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai. Abu mafi muhimmanci, in hasken ya faɗa kan wani ƙarfe da ba ka san shi ba, ko harsashi ko wani abu mai kama da gwangwani, kada ka taɓa, kada ka matsar, ka fitar da yara, ka yi wa wurin alama, ka sanar da hukuma. Yaƙi yakan tafi ya bar 'ya'yansa a lungu.

Idan kuma ƙaddara ta riga fata, kunama ta harbi ƙaramin yaro, a nufi asibiti da shi ba tare da jiran gari ya waye ba, domin dafin ya fi yi wa yara illa. Amai, da yawan zufa, da dalalar yawu, da wahalar numfashi, duk alamun gaggawa ne. Wanda maciji ya sara, kububuwa ce ko waninta, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, mu kuwa manoma mu ne muka fi sanin dalili.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye da 'yan uwanmu malaman makaranta da na khalwa. A daren nan, kowa ya ɗauki tocilar gidansa ya durƙusa ya haska ƙarƙashin gadon yaransa. In ya ga ƙafafun gadon duka, madalla. In ɗigo ɗaya ya gani, to ya nemi farar leda tun yau, ranar kasuwa kuma ya san abin da zai tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Haza wassalam.

Naku,
Malamin Makaranta, Makwar.